Zane Goma Sha Uku

Bari in fara da aibina, kafin wani ya riga ni. Ni amsa ba ta zo mini a kan lokaci. Sai mutum ya yaɓa mini magana a tasha, in yi masa murmushin wauta, in hau mota, in iso gida, in cire takalmi, in zauna gaban tuwo, sannan amsar za ta yi sallama: kyakkyawa, mai kaifi, ba ta da sauran amfani. Duk faɗan da na taɓa ci a duniya a bakin kwano na ci shi, ba shaida sai maiɗakina, ita ma ta daina saurare tun shekarun baya.

Mainasara na Giyawa ba haka yake ba. Shi amsarsa da wuri take zuwa, sai dai ta hannu take fitowa.

Mai gyaran injin ban-ruwa ne a bakin kasuwar Goronyo. Shekararsa talatin da shida, matarsa ta rasu ta bar shi da ɗaki da shiru. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, kuma a fuskarsa akwai zanen Gobirawa irin na da: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun baje har kusa da kunne. Kakarsa ce ta dage aka yi masa yana ɗan kwana bakwai, a lokacin da aka riga aka daina yi wa sa'o'insa. A Giyawa ba mai kallonsa sau biyu. Amma da zarar ya bar gida, ya zama majigi.

Matar da yake so a Wurno take. Sa'adiya, malamar firamare, bazawara, mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, irin gidan da ake fara gaya maka sunan kakan kakansu kafin a nuna maka tabarma. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun baffanta, Malam Sama'ila.

Ranar da Mainasara ya ɓata lamarinsa da kaka ne, ana cikin yafa irin albasa. Ya sauka a tashar Wurno cikin sabuwar shadda, sai wani mutum da bai taɓa gani ba ya dube shi, ya ɗaga murya.

"Kai jama'a! Wace kyanwa anka ruhe da bawan Allah ga cikin buhu?"

Tasha ta ɗauki dariya. Mainasara ya ɗauke mutumin da mari guda, hularsa ta tashi ta sauka cikin tiren mai gyaɗa.

Ashe mutumin tela ne, shagonsa yana jikin masallacin Malam Sama'ila. Labarin ya riga Mainasara isa gidan, har ya sha ruwa ya huta.

Malam Sama'ila bai ɗaga murya ba. Mutanen gidan ba su san ɗaga murya ba, a hankali suke yanka.

"Mainasara, mun ji aikin hannunka."

"Allah shi gafarta Malam, shi yat tsokane ni."

"Na sani. Da baki yat tsokane ka. To in wata rana ɗiyarmu ta tsokane ka da baki fa? Mata ba su rasa magana."

Mainasara ya sunkuyar da kai yana kallon baƙin man da ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcensa.

"Ban hana ka ba, ban ba ka ba," in ji Malam. "Tahi. In anka cire albasa ka komo. In daga yau zuwa ranan nan ban ji ka ɗaga ma ɗan kowa hannu ba, sai mu yi magana."

Wata shida ke nan. Mainasara ya fito da maganar a ƙirji kamar wanda aka ba takardar gona.

A ƙaramin zaure ya iske Sa'adiya, bayan la'asar, ta jingina da bango. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Ka kashe ni, Mainasara. Wata huɗu ina lallashin Inna, ina lallashin Gwaggo Kaltume, ina ce musu mutum na mai haƙuri. Kaz zo ka rushe min duka da tahi guda."

"Malama, kin ji abin da yac ce?"

"Na ji. Duk Wurno ta ji. Gobe wani za shi ce, jibi wani. Mutum nawa za ka mara? Daga nan har Rabah?"

"To in yi mi? In tsaya awa jaki ana ta dariya?"

Hawaye suka gangaro mata. Ta share da gefen hijabi, wasu suka biyo.

"Yara tamanin nika koya ma karatu cikin aji guda," ta ce. "Ka san mi yaro ka nema in ya yi maka tsiya? Huskarka shika kallo, shi ga ta canza. In ba ta canza ba sai shi gaji. Manyan ma haka na, gemu kawai sunka hi su."

"Ina jin ki."

"Haɗiye miyau tukuna. Sa'annan ka ce, ban ji ba, sake hwaɗi. Maganar tsiya ba ta son a maimaita ta. In ya sake, ka ba shi gaskiya a hankali, awa mai yi ma baƙo kwatancen hanya. Kada ka zage shi, kada kuma ka rage kanka."

"Hannun fa? Shi ba shi shawara da ni."

"Ba shi aiki. Sa wani abu aljihu ka riƙe."

Ta murza yatsunta. Sannan ta faɗi abin da ya fi marin nauyi.

"Lukman ya sake aiko da gaisuwa."

Lukman ɗan uwan mijin Gwaggo Kaltume ne, ma'aikaci a Rabah, mai ƙaramar mota da fuska sumul kamar ɓararren ƙwai. Tun Sa'adiya tana cikin takaba Gwaggo take kawo sunansa cikin kowace hira, ko ta farashin manja ce.

"Ni ba ni son shi," ta ce. "Wallahi ba ni son shi. Amma ka taimake ni. Ni kaɗai ta cikin gidan ga, kowa na can gehe guda. Kada ka sake ba su abin hwaɗi. Don Allah, Mainasara."

Ya rantse mata. Da ya koma rumfarsa ya tona cikin kwandon tarkace, ya zaɓi wani tsohon fulogin inji, ya goge shi, ya jefa a aljihun dama.

Gwajin farko bai tafi yadda Malama ta tsara ba.

Wani mai sayen kifi ne daga wani gari, ya tsaya gaban rumfar ya tambayi ko da manjagara aka yi masa wankan jego. Mainasara ya haɗiye miyau. Ya ce bai ji ba, a sake faɗi. Mutumin ya sake faɗi, da ƙarfi, har da ƙari, ya kuma kira abokinsa ya zo ya ji. Mainasara ya damƙe fulogin har tafinsa ya tsage. Bai dai mari kowa ba. Ya kira Sa'adiya a waya ya ce dabararta ba ta aiki a Goronyo.

"Ka mare shi?"

"A'a."

"To ta yi aiki."

A hankali ya fara samun bakin abin. Ya lura cewa tambayoyin duniya game da fuskarsa ba su fi biyar ba, mutane ne kawai suke canzawa, kuma kowanne yana zaton shi ya fara ƙirƙiro tasa. Sai ya riƙa tanadar amsoshi yana kwance inji, yana gwada su a kan kabureta.

"Wa yay yi maka wanga aiki?"

"Wanzami. Ina da kwana bakwai, ba a yi shawara da ni ba."

"Bai yi zahi ba?"

"An ce na yi kuka. Ban tuna ba."

"Mi yas sa nan shida, nan bakwai?"

"Ka ƙirga daidai. Mutane da yawa ba su kai nan."

Abin da ya ba shi mamaki, in ya faɗi haka ba fushi ba dariya, dariyar mutane sai ta juya ta koma kan mai tambaya, ko ta mutu a tsaye. Wasu har hannu suke ba shi. Sai dai kada a ɗauka ya daina jin zafi. Zafin yana nan, ya dai koyi inda zai ajiye shi. Kafin albasa ta yi kai, tsakiyar tafinsa na dama ya yi kanta daidai girman fulogi.

Sau ɗaya ya ga Lukman. An kira Mainasara gyaran inji a fadamar Rabah, ya tsaya shan shayi, wani ya nuna masa shi yana fitowa daga mota. Lukman ya yi sallama, ya ba kowa hannu, ya dubi fuskar Mainasara, ya yi saurin kawar da kai cikin ladabi, kamar wanda ya buɗe ƙofar bayi ya iske mutum. Wannan kallon ne kaɗai Mainasara bai samo wa amsa ba.

Duk nasarar da ya yi sai ya kira Sa'adiya ya ba ta labari. Da farko dariya take yi har ta ce ya bari, cikinta. Daga baya ta koma cewa madalla. Daga baya kuma wayar ta riƙa yin gajarta, wai tana duba takardun jarrabawa. Mainasara bai san yawan jarrabawar da ake yi a firamare ba, sai ya yarda.

Aka cire albasa. Zafi ya sauko, fadama ta cika da buhuna. Ranar wata Asabar Mainasara ya sa shaddar nan tasa, ya duba fulogi yana nan, ya shiga motar Wurno.

Su huɗu aka cusa a baya. A gefensa na hagu wani tsoho ne siriri mai farin gemu, wanda direba yake kira Baba Maccido. A dama kuma wani ƙaton dillalin albasa mai jar hula, wanda ya cinye wurin mutum ɗaya da rabi, yana kuma neman abin da zai rage tafiya da shi. Ba su bar Goronyo da nisa ba ya samu.

"Direba, tsaya mu ɗauki iri. Ga fangali an gyara, ruwa kawai ka jira."

Mota ta yi dariya. Mainasara ya haɗiye miyau.

"Ban ji ba, Alhaji. Ƙarar mota. Sake hwaɗi."

"Na ce huskag ga taka, awa fangalin albasa!"

"Haka na. Da ana dasawa da na huta da neman fadama."

Aka sake dariya, amma wannan karon ba ta san ta wa ce ba. Mai jar hula ya gyara zama, wato ya ƙara danne shi.

"Kai, mutanenku dai ba su da tausai. Ɗan jariri a kama a yi ta yanka awa kabewa."

"Kakata ta sa anka yi. Ta ce don in na ɓace a san inda za a maishe ni. Har yau ban ɓace ba."

"Wa zai sace ka?"

"Ka ga ta yi aiki ke nan."

Direba ya bugi sitiyari. Wata mata a gaba ta rufe baki da mayafi. Baba Maccido ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. Mai jar hula ya ga kasuwa tana neman watsewa ba ta hannunsa ba, sai ya jawo maganar da ya ajiye a ƙasa, mai kaifin wuƙa.

"To ni dai tambaya guda. Wace mace ta za ta buɗe ido da sahe, ta ga wagga huska bisa matashi, ba ta yi salati ba?"

Mainasara ya ji jini ya hau masa kai, ya ji hannunsa na dama ya fara tashi da kansa. Ya damƙe fulogin. Ya ga tashar Wurno, ya ga hula cikin tiren gyaɗa, ya ga Sa'adiya jingine da bango. Wata shida. Saura tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Ya haɗiye miyau sau biyu. Ya juya, iyakar yadda matsi ya bari, ya dubi mutumin cikin ido.

"Wadda tag gane ta shekara tara ta rasu, Allah shi ji ƙanta. Salati kam tana yi kullum, na asuba. Alhaji, ni ba ni ganin huskag ga sai na ari madubi. Kai ad da wahalar kallo. In ta dame ka, ga taga nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya faɗe ta kamar mai cewa a bi dama a sha kwana.

"Allah shi ji ƙanta," in ji matar gaba.

"Amin," in ji mota gaba ɗaya.

Mai jar hula ya gyara hularsa. Ya ce shi fa wasa yake yi. Mainasara ya ce ya sani, shi ma bai ce ba wasa ba ne. Daga nan dillalin ya sami abin kallo a taga, bai sake juyowa ba, har ya ɗan matsa ya bar wa Mainasara wurin ajiye kafaɗa.

Ni da ina cikin motar, da sai bayan sallar isha zan samo rabin wannan.

Da aka zo Kwargaba Baba Maccido ya ce a sauke shi. Kafin ya fita ya laluba aljihun 'yar-shararsa, ya ciro wani ɗan ƙulli a farar leda: goro biyu farare da alawa uku, an ɗaure bakin da jan zare.

"Ungo, ɗana. Jiya anka aiko min, ni kau haƙora sun yi min sallama. Goron alheri na. Na daɗe ban ga wanda yar riƙe kainai awa kai ba. Ɗiyar da tas same ka ta huta."

Mainasara ya karɓa da hannu biyu. Tun da aka haife shi ba a taɓa ba shi lambar yabo ba, sai yau.

Malam Sama'ila yana zaure da littafi a buɗe gabansa. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi Giyawa, ya tambayi albasa, ya tambayi zafi. Ya daɗe yana tambayar zafi.

"Allah shi gafarta Malam, an cire albasa."

"An cire."

"Ban ɗaga ma kowa hannu ba."

"Mun ji. Har telan ga ya ce kun gamu kasuwa ka gaishe shi." Malam ya shafa gemu, idonsa a kan littafin. "Gaskiya ban zaci za ka iya ba, Mainasara. Ban zata ba. Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Malam."

"Irin wagga magana ba a yin ta da mai ita. Ka koma gida. Za mu aika ma manyanka."

Zuciyar Mainasara ta yi tsalle. Haka ake yi. Ba a ba mutum mata a hannunsa kamar rake, sai ta wajen manya. Bai tsaya tuna cewa hana mutum ma ta wannan hanyar take bi ba.

Ya nemi izinin gaisawa da Sa'adiya. Malam ya rufe littafin, sannan ya ce a kira ta.

Ta fito ƙaramin zaure a rame, idanunta sun kumbura. Ta zauna nesa da inda ta saba.

"Malama, na gama jarrabawa. Ki ba ni sakamako."

Ta fashe da kuka.

"Subhanallahi. Mi yaf faru? Inna ta?"

Ta girgiza kai. Da ƙyar maganar ta fito.

"Watan jiya mun tahi biki Lahodu. Wasu mata, ban san su ba, ban taɓa ganin su ba. Guda tac ce, ke ta malamar da za ta auri mai huskar tabarma? Tac ce in na haihu in riƙa ruhe ma jariri ido."

"Sai kic ce mi?"

"Na haɗiye miyau, Mainasara. Na ce ban ji ba. Sunka sake, sunka yi guɗa, ɗaki duka shina dariya. Na nemi gaskiyar da zan ba su a hankali, ban same ta ba. Na shiga bayi ina kuka har anka ɗauki amarya."

"Malama..."

"Bari in gama. Ba nan kaɗai ba. Makaranta ma haka, bakin rijiya haka, cikin mota haka. Mutanen da ba su san sunana ba sun san huskarka. Ni nik koya maka, wallahi ni nik koya maka, amma ni ban iya ba. Yara tamanin ba su taɓa sa ni kuka ba. Mata huɗu sunka gama da ni."

Ta ja numfashi, ya tsinke mata a tsakiya.

"In na komo gida kuma ba wurin hutawa. Inna ba ta ce komi ba, ta dai bar cin abin da nid dahwa. Gwaggo kullum tana nan awa bango. Na gaji. Na gaji, Mainasara, ka yahe min."

"In yahe miki mi? Don kin yi kuka?"

Ya matso kaɗan, iyakar inda mutunci ya yarda. Murya ta yi masa laushi, irin wadda yake yi wa manomin da injinsa ya mutu ana tsakiyar ban-ruwa.

"Na hwarko ad da wuya. Ni ma na hwarko hannuna yat tsage. Tambayoyinsu ba su hi biyat ba, zan rubuta miki su da amsa. Wata guda kin ƙware, ke da kin hi ni kai."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro fulogin, ya yi sumul saboda riƙo. Ya ajiye shi a kan tabarma gabanta.

"Riƙe wanga. Ni na gama da shi."

Ta dubi fulogin kamar zai cije ta. Kukan ya ƙaru.

Don ya ba ta dariya, sai ya kwashe labarin mota ya ba ta, da mai jar hula, da fangali, da taga. Ya kwaikwayi muryar dillalin. Ba ta yi dariya ba. Sai ya ciro ƙullin.

"Har lada anka ba ni. Wani tsoho na Kwargaba. Ya ce ɗiyar da tas same ni ta huta. Goro biyu na, guda naki, guda nawa."

Sa'adiya ta ga farar leda. Ta ga jan zare. Kukan ya tsaya cak, kamar an kashe inji.

"Wa yab ba ka wanga?"

"Baba Maccido anka ce mishi. Kin san shi?"

Ta ɗora hannu a baki. Ya kwance zaren, ya miƙa mata goro ɗaya. Ta ja baya har ta bugi bango.

"Ba ni ci."

"To alawa."

"Mainasara, don girman Allah, kada ka ci goron ga. Akwai maganar da..."

"Sa'adiya!" Muryar Gwaggo Kaltume ce daga cikin gida, ba ta da nisa da labule. "Zance na ko wa'azi? Taho, ana neman ki."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo, ta dube shi, ta dubi zanen nan goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haddace su.

"Manyanka za su ji," ta ce. Ta shige.

Fulogin yana nan a kan tabarma. Mainasara ya bar mata shi, don ya san za ta dawo ta ɗauka in ta huce. Mata da kunya. Wace ce za ta ci goro gaban wanda za a ba ta?

Ya taka zuwa tasha da sauƙin jiki irin wanda ya manta da shi. A bakin motar Goronyo wani mai sayar da igiya, baƙo, ya dube shi ya ce, "Malam, da damisa kunka yi kokawa?"

"Da wanzami," in ji Mainasara. "Shi yac ci."

Mai igiya ya yi dariya, ya ba shi hannu. Sai a lokacin Mainasara ya lura aljihunsa ba komai, kuma hannunsa bai ko motsa ba.

Ya sami wuri kusa da taga. Ya ɓare goro ɗaya ya jefa a baki, ya ajiye ɗayan don ya kai wa yayan mahaifinsa, wanda za a aika wa da magana. Goron mai kyau ne, ɗanye, yana ƙara a haƙori. Ɗacinsa ya wuce, zaƙin ya biyo baya. Mota ta tashi, yana taunawa yana lissafin wanda zai yi masa fentin ɗaki.

Ashe tun ranar Alhamis da ta gabata aka kawo goron sa ranar Sa'adiya da Lukman daga Rabah, ƙwarya biyu. Ita da bakinta ta ce ta yarda, ita kuma ta ƙulla kason dangi da jan zare, har da na ƙanen kakarta, Maccido na Kwargaba.